Yaya Isiyaku da Kebul ɗin Taubashinsa

Duk wanda ya san Yaya Isiyaku a Kwarbai ya san ba ya hawa babur ɗinsa sai ya girgiza shi. Zai karkata shi hagu da dama, ya kara kunne a tanki, sannan ya shaida wa na kusa cewa man zai kai shi Sabon Gari ya dawo da shi. Allurar mai tana nan lafiya lau, amma ya ce bai taɓa ganin maƙaryaciya irinta ba. An sha ganinsa yana turo babur ɗin da rana tsaka, zufa ta jiƙa masa riga. Idan aka yi masa sannu sai ya ce ba mai ne ya ƙare ba, likita ne ya ce ya riƙa motsa jini.

Gyaran rediyo da talabijin ya yi tun yana saurayi, daga baya ya koma haɗa sola. Yana da mita a shagonsa, amma ƙananan batura da harshe yake gwada su. In harshe ya ce akwai wuta mita ta ce babu, to mita ce ke bukatar gyara.

Ni ƙanwarsa ce, ina aure a Ƙofar Jatau. Da ciwon suga ya kai ni ga yin allura kullum, likita ya ja mini kunne cewa maganin nan sanyi yake so. In zafi ya buge shi ƙarfinsa zai tafi, kuma ido ba zai gane ba. Wutar unguwarmu kuwa kun san halinta. Maigidana, Malam Hamisu, ya ce a sayo batir na shago a haɗa wa ƙaramin firji. Yaya ya dube shi kamar ya zagi kakanninmu.

"Ina raye za a sayo wa ƙanwata batirin shago?"

Haka ya bi masu gyaran kwamfuta yana tattaro matattun batura. Ya farfasa su, ya tsince 'ya'yan da ke da sauran rai, ya jera su cikin wani akwatin katako, ya ɗora faifan sola a kan rufin ɗakina. Abin mamaki, firji ya tashi. Matsala ɗaya ce: akwatin ba ya sallama in zai mutu. Ya fi ƙarfin harshe kuma. Yaya ya gwada sau ɗaya, bai faɗa wa kowa abin da ya ji ba, mun dai lura ya jima bai sha koko da zafi ba.

Wannan ne ya sa mutumin da bai yarda da kowane ma'auni ba ya aika Legas aka sayo masa ma'auni. Wani ɗan koren fanel ne, bai fi tafin hannu ba. Ya ce wannan ba irin allurar babur ba ne, shi lissafa wutar da ta shiga da wadda ta fita yake yi. In batir ya kusa ƙarewa zai yi ƙara, in kwashe maganina in kai gidan mai ƙanƙara. Sai dai kafin ya fara aiki dole a jona shi da kwamfuta a sanar da shi girman batirin da zai tsare. Yaya ya karɓi kwamfutar Malam Hamisu, ya zaro wani kebul daga aljihu ya jona. Wata 'yar jar fitila ta kama a jikin fanel. Manhaja ta buɗe, ta yi ɗan nazari, ta rubuta cewa ba ta ga komai ba.

Tsautsayi ya sa Lawal yana gidan a ranar. Lawal ɗan kawunmu ne, wato taubashinmu, caja da kebul yake sayarwa a kasuwa. Tun suna yara suke tsokanar juna, ba su daina ba har furfura ta fito. Lawal yana kiransa Injiniyan Gwangwani, shi kuma bai taɓa kiran Lawal da wani suna ba sai Bawana. Lawal yana zaune a tabarma yana ɓarar gyaɗa, ya ɗan leƙo.

"Injiniya, wannan kebul ɗin na caji ne kawai. Wuta yake kaiwa, ba ya kai magana. Canza shi."

Da liman ne ya faɗi haka, ko ɗan acaɓa, ko ma akuya, na tabbata Yaya zai canza nan take. Amma Lawal ne. Ya nuna 'yar fitilar da yatsa, ya ce makaho ma ya ga kebul yana aiki, kuma bai lalace ba da har mai tallan caja zai koya masa lantarki. Lawal ya juyo ya ce mini, ƙasa-ƙasa amma yadda za a ji, ranar da Injiniya ya canza kebul ɗin nan maroƙi zai ɗauka ya zaga birni da labarin. Da wannan maganar aka rufe ƙofa. Na ga fuskar Yaya, na san ko sama za ta faɗo kebul ɗin nan ba zai canzu ba.

Daga nan kullum bayan La'asar sai mu ji tsayuwar babur. Ya cire manhajar ya sake sawa. Ya ce kwamfutar Malam Hamisu ta tsufa kamar mai ita. Ya aro ta wani maƙwabci, ita ma ba ta ga komai ba, ya ce wannan kuma yarinta ke damunta. Ya narkar da dalma ya ciccire wayoyin fanel, ya musanya su, ya sake mayar da su yadda suke. Akwai lokacin da ya bar shi ya huta, wai gajiyar hanya ce, daga Legas ba nan kusa ba ne.

Da abin ya ƙi, ya zaunar da Malam Hamisu ya buga masa saƙo zuwa ga waɗanda suka ƙera fanel ɗin. Ya fara da tambayar lafiyarsu da ta iyalinsu, sannan ya bayyana musu a ladabce cewa kayansu na da lahani. Amsa ta zo. Tambayarsu ta farko ita ce ko ya gwada wani kebul. Yaya ya sa aka sake karanta masa, ya cire tabarau ya goge, sannan ya tambayi Malam Hamisu da gaske ko ya san Lawal yana da wani a ƙasar waje.

Maigidana mutum ne mai kawaici, ga shi da surukinsa yake magana. Ya yi niyyar gwada wani kebul a ɓoye in Yaya ya tafi. Kamar Yaya ya karanta zuciyarsa, sai ya samo gwangwanin biskit, kullum ya naɗe kebul da fanel ya rufe a ciki ya tafi da su gida. Ni ma na yi magana sau ɗaya. Na ce, Yaya, mene ne a ciki in an gwada. Ya ce tun yaushe na koma ɓangaren bayi.

A wannan tsakani shi ne ma'aunin. Kafin ya tafi zai ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya lumshe ido, ya ce zai kai gobe. Gaskiya a faɗe ta, yawanci yana kaiwa.

Sai ƙarshen bazara ya zo, lokacin da hadari ke rufe rana amma ruwa ya ƙi sauka, gari ya yi zafi kamar tanda. Aka yi mana rasuwa a ƙauye, muka tafi ta'aziyya ni da Malam Hamisu da niyyar kwana biyu. Na ɗauki na hanya, na bar sauran maganin a firji. Yaya ya ɗora hannu ya ce mu tafi hankali kwance. Ashe bayanmu batir ya mutu, firji ya ɗauki zafi, da rana ta fito kuma ya sake tashi da kansa. Na dawo na tarar da shi da sanyinsa. Na ci gaba da allura da maganin da ya riga ya lalace. Ƙishirwa ta dame ni, gani ya fara dushewa, na ce gajiyar tafiya ce. Wata safiya na faɗi a bakin murhu, na farka a gadon asibiti.

Yaya ya zo dubiya. Ya zauna a kujerar ƙarfe, hularsa a gwiwa. Na jira ya ce laifin hadari ne, ko na firji, ko na masu magani. Bai ce ba. Ya tambaye ni ko na ci abinci, na ce na ci. Ya daɗe yana kallon robar ƙarin ruwan da ke hannuna, sannan ya tashi ya fita.

Abin da ya biyo baya Lawal ne ya ba ni labari. Ya ce da hantsi, kasuwa ta cika, ya ɗaga kai ya ga Yaya tsaye a bakin rumfarsa. Maƙwabtan rumfa duk sun san zancen, domin Lawal bai bar kowa bai ji ba. Masu shayi da masu ɗinki suka fara matsowa. Yaya ya yi sallama, bai sassauta murya ba.

"Lawal, ba ni kebul mai kai magana."

Lawal ya ce wata da watanni yana tanadin abin da zai faɗa a wannan rana, har waƙa ya haɗa. Amma da ya ji sunansa na yanka a bakin Yaya, ya kuma dubi idonsa, sai komai ya gudu. Ya miƙa hannu ya ciro kebul ya ba shi. Yaya ya ce ya rufe rumfa ya hau bayan babur, ya zo ya gani da idonsa, kada gobe ya ce an ɓoye masa.

Malam Hamisu ya buɗe musu gida. Aka jona. Kwamfuta ta yi 'yar ƙara, lambobi suka cika fuskarta. Su uku suka zuba wa lambobin ido. Can Yaya ya gyara zama ya ce:

"Ai dama na riga na gama gyaran komai. Kebul ɗin zuwa kawai ya yi ya tarar da aiki a kammale."

Lawal ya ce dariya ta kayar da shi a tabarma, kuma a lokacin ne ya san zan tashi.

Bai ɗauki maroƙi ba, amma bai yafe ba. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, ko a ƙofar masallaci, da ya hango Yaya sai ya tambaya ko akwai wani abin da Injiniya yake so a koya masa. Yaya, wanda bai taɓa barin magana ta kwana a kansa ba, sai ya yi murmushi ya wuce. Ni abin ya dame ni. Na ce zan yi wa Lawal magana ya sassauta. Ya ce in bar shi ya ci, halaliyarsa ce, ni dai in kula da allurata.

Yaya bai ga damina ta gaba ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, muna cewa ya ji sauƙi, ashe sauƙin tafiya ne. A zaman makoki mutane suna ta satar kallon Lawal, don an san taubashi ba ya rasa abin faɗa ko a irin wannan rana. Ya zauna can gefe da carbi, har aka tashi bai ce uffan ba.

Tun daga ranar da suka jona kebul ɗin nan maganina bai sake lalacewa ba. In batir ya yi ƙasa fanel ya yi ƙara, in tashi in kwashe in kai gidan mai ƙanƙara. Mutane suna ba da labarin taurin kan Yaya suna dariya, ni ma ina yi, don duk gaskiya ne. Sai dai ni na san abin da ya fi ƙarfin taurin kan nan, na san kuma saboda wa ya je ya tsaya a tsakiyar kasuwa.

Allah ka san shi fiye da mu. Ka yafe masa gardamarsa, ka dubi zumuncinsa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya wahala don ya sanyaya mini magani. Ka ba Lawal haƙuri, mu ma ka ba mu. Amin.