Sunan Yayata a Bakin Rak

Ni ba na son dogon bayani, kuma ba na roƙon kowa ya yarda da ni. Wanda ya ga dama ya ce ƙarya ce. Amma wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, da kunnena na ji, kuma ba da dare ba ne balle wani ya ce mafarki na yi, rana ce tsaka, idona biyu, ina zaune a kan kujera ina korar ƙuda.

A Matamaye ne, shekarar farin nan da sojoji ke riƙe da ƙasa, lokacin da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, shanu na faɗuwa a bakin hanya, maza duk sun tsallaka Kano da Kaduna cirani. Na gama kolej ke nan na samu aikin buga takardu a biro, wato ofis, na wata ƙungiyar agaji mai rabon hatsi. Ba zan faɗi sunanta ba. Shugaban biron kowa Shef yake ce masa, mutum ne mai tumbi a shekarar da tumbi ya kamata ya zama abin kunya.

Sai aka ce za a buɗe wurin dama wa yara kunu a wani ƙauye can bayan Dungu, kuma za a sa musu rak, wato rediyon nan da kake magana a ciki a amsa maka, don in wani ya kwanta rai a hannun Allah a kira mu mu tura mota. Ni kam na yi murna, domin a ƙauyen nan yayata Abu take aure, ga ta da tsohon ciki, mijinta yana Kano yana tura kurar ruwa, Innarmu kuma ta rasu tun farkon farin. In ba ni ba, ba ta da kowa a kusa.

Wani mai sayar da irin waɗannan na'urori ya zo daga Damagaram ya baje su a kan tebur, iri uku. Da farko gaskiya ya faɗa. Ya ɗauki 'yan ƙananan na hannu ya ce waɗannan in kana kasuwa ɗan'uwanka yana tasha to madalla, amma tudu ɗaya ya shiga tsakaninku sun kurmance. Ya nuna na tsakiya, ɗan akwati da bai fi kwalin sukari biyu ba, ya ce shi wannan batirin mota yake sha, faifan rana ɗaya, mai mai da hasken rana wuta, ya ishe shi cika batirin, sai a ɗaura masa doguwar waya tsakanin itatuwa biyu, muryarsa ba ta da ƙarfi amma sama take hawa ta sauko, saboda haka tana tsallake tudu ta iso. Na ukun kuwa gingimeme ne mai fitilu ja da kore, ana jin sa har bakin teku, sai dai ba ya motsi sai an tayar masa da gurub, injin wuta ke nan, shi kuma gurub sai da esansi, wato fetur.

Ku saurari yadda manya suka yi zaɓe. Akwai wani Alhaji cikin kwamitin, dillalin dabbobi ne, ya naɗe hannun riga ya shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yadda ake ɗaga rago ta ƙirji a kasuwar layya. Ya ɗaga na tsakiyan da hannu ɗaya, ya jijjiga shi a kunne.

"Wannan ai fanko ne, Shef. Ba nama."

Ya je ga babban, ya kasa, sai da aka kama masa, suna nishi.

"Yawwa! Ka ji kaya."

Shi ke nan fa. Mai sayarwa da ya ga inda riba ta karkata, nan take ya juya harshe, ya ce dama shi ma abin da zai ce ke nan. Ni ban san komai game da rak ba a lokacin, ba zan yi muku ƙaryar sani ba, amma ganin yadda aka zaɓi abin ceton rai da nishi ya sa na ja tsaki daga bayan injin bugawa.

"Madmazel, haƙori ke ciwo?" in ji Shef.

"A'a, Shef. Ƙuda ne."

Aka sayi babba biyu, ɗaya a bironmu inda akwai wutar gari, ɗaya a ƙauye da jan gurub sabo fil.

Ranar da aka kai shi na bi su don in ga Yaya. Aka ɗaura waya tsakanin gawo biyu, gurub ya tashi, duk ƙauyen ya taru. To a ƙa'idar rak, in ka gama maganarka sai ka ce "à vous" da Faransanci, wato gare ka, don na can ya san lokacinsa ne. Mu kuma bakinmu bai san wannan harafin ba, abin da ke fita shi ne "abu". Sai ga ƙarfe yana ta surutu, duk ƙarshen magana Abu, Abu, Abu. Wata tsohuwa, ita ce ungozomar ƙauyen, ta leƙa zauren ta juyo a fusace.

"Ke Abu! Ba ki da kunne ne? Tun ɗazu baƙon nan yake kiranki, ki je ki gaishe shi mana."

Aka fashe da dariya. Yaya ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye, ta ce mini, "Kin ga ƙarfen nan ya fi Inna. Shi bai jin kunyar sunana."

Gaskiya ta faɗa. Yaya 'yar fari ce, kuma Innarmu irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Ke" take ce mata, in ba ta nan kuma "waccan". Ko maƙwabciya mai suna Abu ce ta shigo, sai Inna ta ce "mai sunan waccan". Har ta koma ga Allah haka. Ni kuwa Auta take ce mini, kuma ita kaɗai ke ce mini haka.

Rak ɗin ƙauye ya yi magana na ɗan lokaci, sai ya yi shiru. Na tambayi Shef, ya ce iska ce, zai dawo. Ni aka ɗora wa zaman gadin na bironmu da tsakar rana, saboda maza suna tafiya cin abinci su miƙe ƙafa.

Ran nan ina zaune ni kaɗai, zafi kamar a bakin murhu, rak yana ta shuuu irin ƙarar suyar ƙosai, sai na ji murya can ƙasa-ƙasa.

"Abu."

Na ɗauka wani ne daga wani gari ya yi maganarsa iska ta cinye, ƙarshen kawai ya iso. Na danna na ce, "Matamaye na jin ka, sake magana, à vous."

"Abu."

Haushi ya kama ni, kun san ni ba haƙuri. "Kai malam, danna abin ka faɗi abin da ke tafe da kai tukuna, sannan ka ce à vous! Wa ya ba ka rak ba a koya maka ba?"

Sai shuuu ɗin ya ɗauke ɗif, kamar an rufe tukunya. Na ji an yi ɗan tari, busasshe, irin wanda mutum ke yi in zai faɗi abin da ba ya son faɗa. Na san tarin nan. Tun ina goye na san shi. Sai muryar ta dawo.

"Auta." Sannan a hankali, da ƙyar, kamar mai ɗaga tulu cike: "Abu."

Ba Faransanci ba ne. Suna ne.

Na rantse da Wanda raina ke hannunSa muryar Inna ce. Kuma abin da ya tsinka mini ciki ba wai matacciya ta yi magana ba ne, wannan sai daga baya ya zo mini. Abin da ya fara zo mini shi ne: me ya kai Inna faɗin sunan nan?

Ban ko sa takalmi daidai ba na ruga gidan Shef, yana bayan biro. Na same shi a zaure da shinkafa da nama, ga kofin ruwa da ƙanƙara tana yawo a ciki.

"Shef, an kira daga ƙauye. Mace ce kan gwiwa, a ba da mota."

Ya yi dariya da shinkafa a baki. "Ƙarya kike yi, Madmazel. Rak ɗin can ba zai yi magana ba."

"Don me ba zai yi ba? Ba iska ba ce ka ce?"

Ya mai da kai ga shinkafarsa. A lokacin ne na ji wani abu yana gurnani a bayan gida. Wutar gari ta ɗauke tun safe a layin gidansa, wanda ba ɗaya ba ne da na biro, amma shi firjinsa na aiki. Na leƙa ta ƙofar. Jan gurub ne. Shi ne dai, har da ɗan karcen da ya samu ranar da aka sauke shi daga mota a gaban idona. Na dubi gurub, na dubi ƙanƙarar kofinsa. Tir!

Na ce, "To bari in je wurin komandan soja in tambaye shi ko ya san kayan agaji na sanyaya ruwa."

A zamanin nan kowa ya san abin da soja ke yi wa wanda aka kama da kayan agaji. Ya jefo makullin mota ƙasa, ba a hannuna ba, ƙasa. Na duƙa na ɗauka.

Baba Tanko, tsohon direbanmu, na taso daga barci. Muna tafe yana tambayata, "'Yata, wa ya kira?" Na ce, "Baba, taka mota." Hanya duk mushe, wari na shigowa ko an rufe gilashi.

Abin da na fara gani a ƙauyen wayar rak ce. An kwance gefe ɗaya an sauko da ita daidai kai, an shanya naman shanun da aka yanka suna gargara, baƙi ƙirin, ƙudaje sun rufe shi, ungulaye jere a kan gawo suna jira. Zauren rak kuwa da kwaɗo a ƙofa, mai kula da shi ya bi 'yan'uwansa Najeriya da makullin a aljihu. Ban zargi mutanen ƙauye ba. Waya ce ba ta da aiki, su kuma yunwa suke ji.

Yaya na kwance a kan tabarma, leɓɓanta fari fat, tun jiya take fama, ɗan ya gicciye. Sun so ɗora ta a amalanke, saniyar da za ta ja ita ce a kan wayar can. Ungozoma ta kama hannuna tana kallon motar.

"Wa ya gaya muku? Ba mu aiki kowa ba."

Na ce, "Iya, kama mini ƙafafunta."

A Matamaye suka ce abin ya fi ƙarfinsu, muka wuce Damagaram, aka yi mata aiki. Ta rayu. Ɗan, namiji ne, bai zo da rai ba. Likitan ya ce da tun jiya aka kawo ta da wata maganar ake yi. Tun jiya. Ina jin haka sai ƙanƙarar nan ta dawo mini a ido tana juyi a kofi, kuma har yau in aka miƙo mini ruwa mai ƙanƙara ture shi nake yi.

Shef kuwa ba abin da ya same shi. Gurub ya koma ƙauye a ɓoye, daga baya aka yi masa canjin wurin aiki, na ji ma an ce gaba ya ci. Wanda ya gaje shi ya sa aka kawo na tsakiyan nan mara nama, da batiri da faifan rana, yana nan yana aiki, muryarsa siririya kamar ta sauro amma ba ta taɓa kasa isowa ba. Ranar da mai sayarwar ya zo ɗaura shi na tare shi na ce, tunda ƙaramin ƙarfi na kaiwa nesa haka, to wanda babu wuta sam fa, babu waya, ƙofa a kulle? Ya yi dariya ya ce in daina wasa da shi. Na gaya masa abin da na ji. Bai ƙara dariya ba, ya tattara kayansa, bai ko tsaya shan ruwa ba.

Da Yaya ta samu bakin magana a asibiti, ta tambaye ni wa ya kira ni. Na ce Inna. Ba ta yi mamaki ba, ba ta yi salati ba, ta dai kafe ni da ido.

"Me ta ce?"

"Sunanki."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Yaya ta faɗe shi? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na buɗe baki na kasa. Har yau takan tambaye ni, in mun zauna mu biyu, har yau ban iya ba.

Saboda haka ku da aka ɗora wa zaɓen irin wannan na'ura don mutanen da ke nesa da asibiti, don Allah kada ku ɗaga ta ku ji nauyi. Ku tambayi me take ci, ku tambayi ko abin da take ci zai yi wa wani babba amfani a gidansa, in zai yi to ku bar ta, ku ɗauki wadda ba wanda zai yi sha'awar sacewa. Ku gwada ta daga wurin da za a ajiye ta, ba a kan tebur ba. Ba kowa ke da uwar da za ta ajiye kunyarta ta taso ba.

Ni dai tun ran nan ban sake cewa à vous a rak ba, "gare ka" nake cewa, ana yi mini dariya ina ƙyale su. Kuma duk lokacin da wani daga can ya rufe maganarsa da kalmar nan, ba na saurin dannawa. Nakan ɗan jira tukuna, in ji ko za a yi tari.