Almakashin Malama Pauline

Ƙarfe shida da kwata Malama Pauline Dung take fitowa daga gidanta a Clinton, jaka a kafaɗa, almakashi a cikin jakar. Shekara ashirin da shida ke nan. Kafin yara su iso ta riga ta yayyanka kwalayen da maƙwabta ke tara mata, ta rubuta dogayen kalmomin Turanci a kansu. Da 'yan aji bakwai sun zauna, sai ta ɗaga kwali ɗaya, ta sa almakashi ta datse kan kalmar. Guntun nan na gaba, wanda masana ke kira ɗafa-goshi, shi ne sana'arta. Yaron da ya gane "re" na nufin a sake, "pre" na nufin kafin, ya sami hanyar shiga ɗaruruwan kalmomin da bai taɓa gani ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu da muka baro gida muka zo ƙasar nan ta masu Turanci muna da wata fatawa da ban san malamin da ya ba da ita ba: wai in kana son ɗanka ya iya Turanci, ka hana shi Hausa, ka haɗa shi da ƙamus. Na daɗe ina shakkarta, amma wa ke tambayar tsohuwa? Ɗana Mu'awiya kullum yana karanta wa duniya labarai da Hausa a rediyo, amma a shekarun baya, a gidansa na Landover ko "sannu" ba ya ce wa 'yarsa Afnan. Kalma biyar take haddacewa daga ƙamus kowace rana. Ran Juma'a ta biya su tas, ran Litinin sun gudu.

Sai ga takarda daga makaranta. In Afnan ba ta ci jarrabawar karatu ta watan Mayu ba, za a mayar da ita ajin masu rauni, a raba ta da ajin kimiyyar da take mutuwar so. Saura mako tara. Malama Pauline ta kira uban, na bi shi.

"Malam Mu'awiya, me kuke yi da yarinyar nan a gida?" ta tambaya da Hausarta ta Jos.

"Ƙamus, Malama. Mun kai harafin D."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"To madalla. In Allah ya ja kwana, za ku kai Z ranar da za ta yi ritaya."

Ta turo masa kwali. Ta ce aikin gida daga yau nasa ne: kowace yamma ya rubuta wa Afnan kalmomin Hausa biyar, irin su makaranta, maɗinki, Bakano, ita kuma ta datse kawunansu.

"Hausar za ta rikita ta, Malama."

"Kai ta rikita ka? Yarinyar nan ba ta taɓa ganin an buɗe kalma an leƙa cikinta ba. Ka fara mata da harshen da ba ka jin tsoronsa."

Ya juyo ya dube ni. "Hajiya, kin ji fa."

Na ce na ji, tun kafin a haife shi nake ji.

Ranar farko kunya ta kama shi. Da muryar labarai ya yi wa 'yarsa magana, har ta ce, da Turanci, "Baba, ba a rediyo kake ba." Amma ta datse makaranta, ta ga karanta zaune a ciki, ta jawo kwali na gaba. A mako na uku ta same ni ina tuƙa tuwo, ta tambaye ni ko madafa ma haka take. Abin da hannunta ya koya a gida shi ta kai aji, inda Malama Pauline ke jiran ta da nata kwalayen. A zauren jarrabawa ba a shiga da almakashi, sai ta riƙa rufe kan kalma da ɗan yatsa. Da maki huɗu ta tsallake. Huɗu kacal, amma sun isa. Yau tana jami'a tana karatun haɗa magunguna, inda sunan ƙwaya ɗaya ya fi layin biza tsawo.

Ke ce, Malama Pauline, kika gyara uba a gaban uwarsa ba tare da kin kunyata shi ba. Ke ce ba ki taɓa ce wa yaro "ba ka sani ba", sai dai "ina kan kalmar?" Debbie, wata nas a Wheaton, ta ce 'ya'yanta uku duk ta hannunki suka bi, kuma har yau ba sa iya wuce allon talla ba su yanka kalmominsa da ido ba. Mai almakashi, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki idanunki.

Ku kuma iyaye, kwali bai ƙare a garin nan ba, harshenku ma yana bakinku. Mu'awiya ya riga ku: ranar Asabar yaran maƙwabta yake tarawa a falonsa, kuma ya roƙi Malama ta bar masa tsohon almakashin. Ƙamus ɗin yana nan a kan kanta, da takardar alama a harafin D.