Birkin Gaba da Rairayin Hanyar Sunke

Ina da shekara talatin da takwas na fara hawa mashin, kuma ba don sha'awa ba. Har lokacin keke nake hawa, shi ke kai ni ɗakin shan maganin da nake aiki a cikin garin Anka, ya maido ni gida. Sai shekarun nan suka zo da gubar dalma ta shiga ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida, yara suka yi ta ciwo. Aka ɗauki wasunmu aiki: mu je ƙauye, mu ɗebi jinin yaran da ke shan magani, mu kawo Anka a auna kafin rana ta yi zafi. Ni aka ba Sunke. Aka haɗa mini da mashin sabo fil, da hular kwano, da kula mai ƙanƙara wadda ake jera kwalaben jinin a ciki.

Ranar da aka miƙo mini makulli ban iya buɗe baki na ce ban iya ba. Tura mashin ɗin na yi daga ofis har gida, duk wanda ya tambaye ni sai in ce babu mai a ciki.

Inna ta leƙo zaure ta dubi mashin ɗin, ta dube ni. Washegari ta aika Bukkuyum aka kira ƙanenta. Kawu ya yi shekara ashirin yana kabu-kabu tsakanin Gummi da Bukkuyum da Nasarawa Burkullu, kuma yana ɗingisa ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi a kan hanyar kasuwa. Kwana uku ya yi a gidanmu. Kullum bayan sallar asuba sai mu tura mashin zuwa filin idi, ya zauna a bayana, yana dukan kafaɗata duk lokacin da ya kamata in sa giya. Na koyi buga kik, na koyi sakin kuloci a hankali ba tare da mashin ya zabura ya mutu ba. A rana ta uku na kewaya filin ni kaɗai har sau biyar.

Da zai koma, sai ya kama hannuna na dama ya ɗora a kan ƙarfen birkin gaba.

"Abu guda za ni gaya ma," in ji shi. "In ka mance komi, kak ka mance wanga. Birkin hannun ga, ka ɗauka babu shi. Shi yak karya min ƙafa. Na ƙafa ya ishe ka. In kuma ka shiga rairai, ƙara wuta. Wanda yaj ji tsoro cikin rairai shi ka hwaɗuwa."

Ya ɗauki hular kwanon ya juya ta a hannu, ya ce wannan tana toshe kunne, mai mashin kuwa da kunne yake sanin abin da ke bayansa. Ya ƙara da cewa mutanen ƙauye ba sa sakin jiki da baƙon da ba su ga fuskarsa ba. Na riƙe duka, don ban ga dalilin da zai sa in yi musu da mutumin da ya san kowane rami daga Gummi zuwa Bukkuyum ba.

Ranar Alhamis ofis ya tara mu, aka kawo wani jami'i ya koya mana tuƙi. Saurayi ne mai natsuwa, da takardu a hannu. Bai yi minti goma da farawa ba ya ce yawancin ƙarfin tsayar da mashin a birkin gaba yake, wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai wata rana sai ya shige ƙarƙashin mota. Ya ce a haɗa su biyun. Ya ce kafin a shiga rairayi a rage gudu, a sauko da giya. Ya ce duk wanda aka gani ba hula a karɓe makullinsa.

Na ɗaga hannu. "Malam, ni an ce mini birkin gaba kayar da mutum yake yi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Wanda ya shekara ashirin a kan mashin."

"Ya taɓa faɗuwa?"

"Har karaya ya yi."

"To ka gani," in ji shi, ya ci gaba da karatunsa.

Da yamma na kira Kawu a waya na kwashe duka na gaya masa. Sai ya ce, "Shi yaron ga, ya taɓa hwaɗuwa?" Na ce da alama bai taɓa ba. Ya ce, "To mi yas sani?"

Na daɗe zaune a zaure ina juya maganar. Ɗaya ya ce kada in yarda da wanda ya faɗi, ɗaya ya ce kada in yarda da wanda bai faɗi ba, kuma kowanne na ji hujjarsa ta shige ni. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kai, kada in hau da babbar riga, don sarƙa na iya cafke ta. Inna kuwa nata biyu ne: in karanta addu'ar hawa abin hawa, kuma kada in fita ban sha kunu ba.

Makon farko bayan wani abokin aikina nake bi, inda ya sa taya nan nake sawa, ban ma san wane birki nake takawa ba. Hular kuwa sai na raba gardama: in sa ta a hanya, in na hango rumbunan Sunke in tsaya in cire, in rataye a hannun mashin, in shiga gari da fuskata a buɗe.

A mako na biyu aka tura abokin nawa ƙauyen Duza, na tafi ni kaɗai. Na gama aiki da hantsi, kwalabe bakwai a cikin kula, na ɗaure ta a baya da igiyar roba. Akwai wani rafi a hanyar wanda ke ƙafewa da rani, sai rairayi mai zurfi, ana gangarawa a shiga sannan a haura ɗaya gefen. Na gangaro da ɗan gudu, don ina tunanin ƙanƙarar da ke narkewa. Taya na shiga rairayi sai ga shanu suna saukowa daga ɗaya gaɓar, farare, suna cika hanya.

Abin da ban taɓa lura da shi ba sai a wannan lokacin, totur da birkin gaba duk hannu ɗaya ke riƙe da su. Na ji muryar Kawu na cewa ƙara wuta, na ji ta jami'in na cewa haɗa birki. Hannun nawa ya yi duka biyun. Na murɗa totur, na kuma damƙe birki. Tayar gaba ta nutse ta karkace, ta baya ta yi haƙa, sai na ji ni a ƙasa. Kaina ya bugi wani dutse, na ji ƙarar a cikin hular kamar an buga kwano da ludayi. Mashin ya kwanta a kan ƙafata yana ta ruri, salansa na ƙona mini ƙwauri.

Mai shanun ne ya zo, wani dattijon Bafillace mai malfa. Bai yi gaggawa ba. Ya sa sandarsa ya nuna mini makulli, na miƙa hannu na kashe, sannan ya ɗaga mashin ɗin na jawo ƙafata. Igiyar roba ta tsinke, kula ta buɗe, kwalabe sun watse a rairayi. Muka bi muna tsinta, shi yana goge kowacce da bakin rigarsa yana miƙo mini da hannu biyu. Shida lafiya lau. Ta bakwai ta tsage, jinin ya tsiyaye.

"Tun daga bisa tudu nag gane ka," in ji shi. "Abin hawanka na son tahiya, kai kana son tsayi. In ka ga shanu, kashe shi kawai ka jira. Su ba su daɗewa."

Ina zaune a ƙasa, tafin hannuna na jini, na tambaye shi da gaske wane birki ya kamata in kama. Ya dube ni da mamaki, ya ce shi bai taɓa hawa mashin ba.

Na iso Anka a giya ta biyu, na miƙa kwalabe shida, aka wanke mini ciwo aka naɗe. Jami'in ya karɓi hular ya shafa inda dutsen ya kankare ta, ya zagaya da ita yana nuna wa sauran ma'aikata, ya ce da ban sa ta ba da yanzu ana yi mini wankan gawa. Sannan ya ce ai birkin gaba a kan hanya mai tauri ake kama shi, a hankali, mashin na miƙe. A cikin rairayi ba a damƙarsa ko kaɗan. Na ce me ya sa bai faɗi haka ba ran nan. Ya ce ya faɗa. Mai yiwuwa ya faɗa ɗin, ina can ina tunanin ƙafar Kawu.

Kawu ya zo duba ni ranar Juma'a. Ya ce in nuna masa yadda na yi da hannuna, na nuna. Ya gyaɗa kai, ya ce birkin gaba ya sake cin mutum. Na gaya masa bayanin jami'in. Ya ce, "Ai abin da nac ce ma ke nan." Ba abin da ya ce ba ne, amma ban iya gano daidai inda maganganun biyu suka rabu ba, kuma Inna na zaune, sai na bar maganar. Hular kuwa, na ga ya daɗe yana kallon kankararren wurin.

Kwalbar da ta fashe ta wata yarinya ce 'yar shekara uku, wadda sai da muka riƙe ta mu biyu kafin a samu jijiya. Dole a sake ɗiba. Ranar Litinin na koma. Da na iso rafin na sauka, na tura mashin da hannu har na haura, ina haki, sannan na hau. Duk hanya ina shirya yadda zan yi wa uwarta bayani, in ce kuskure ne, in ce ba sakaci ba ne, ban ma tabbata hakan gaskiya ne ba.

Na yi sallama, maigidan ya shigar da ni. Yarinyar na ganina ta ɓuya a bayan uwarta ta fara kuka. Na soma bayanin da na shirya, ina ta kewaye-kewaye, har na kai ga maganar shanu da birki. Matar ba ta saurari rabinsa ba. Bandejin hannuna take kallo, da yadda nake jan ƙafa.

"Kai ma an ɗebi naka," in ji ta. "Sannu, Malam."

Ta jawo tabarma ta zauna, ta ɗora yarinyar a cinya, ta miƙo mini ɗan hannunta. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa saboda bandeji, sai da maigidan ya buɗe mini ledar allurar.