Hannun Inna a Gefen Hoto

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu muna zaune a wani bene a unguwar Mount Hope da ke Bronx, hawa na huɗu. Ba uwa a kusa, ba ya, ba ƙanwa. Wata dattijuwa 'yar Damagaram da ke hawa na biyu ita ta tsaya mini. Inna muke ce mata. Da rana tana kitso a wani shago, da sassafe kuma ta hauro tana haki, ta tara ruwan zafi a baho, ta gasa mini jiki da tawul tunda ba ganyen darbejiya a Bronx, ta dama kunun kanwa. "Shanye, 'yar nan, kada sanyin garin nan ya shige ki."

Ana jibi suna na ce wa maigida a kira mai hoton nan ɗan Gana da ke da shago wajen Grand Concourse. Ya yi dariya. Yana da babbar kyamara da yake ji da ita, ran hutu yakan hau jirgin ruwa zuwa St. George ya dawo da hotunan tsuntsaye da gadoji, masu kyau kuwa. "Me zai yi wanda ba zan iya ba? Tawa ma ta fi tasa sabunta."

Ran suna ya yi ta ɗauka. Mata cikin anko, malam yana addu'a, yara da bakinsu duk maiƙo. Duk wanda ya gyara tsayuwa ya samu nasa. Inna kuwa tana kicin tun safe. Sau ɗaya ya leƙa da kyamarar, ta ja mayafi ta rufe fuska. "Alhaji, rufa mini asiri, kada ka sa ni a Fesbuk." Ba ta da takardun zama, duk mun sani. Ya ce to, ya juya wajen masu so.

Lokacin sanyi na gaba Allah ya karɓi ran Inna. Aka kai ta maƙabarta a New Jersey. Bayan sadakar bakwai 'yarta ta kira ni daga Damagaram. Tana ƙarama uwar ta baro ta, yanzu ita ma har da goyo. Wayar Inna irin mai maɓallai ce, murya kawai suke ji.

"Anti, hotonta, ko guda ɗaya ne," ta ce. "Ina so in ga yadda ta tsufa."

Na ce mata kada ta damu, muna da hotunan suna rututu.

Muka zauna da maigida gaban kwamfuta bayan la'asar, muna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ga bayan mayafinta a ƙofar kicin. Ga kafaɗarta bayan wata mai dariya. Ga inuwarta a gilashin taga, ba ido ba hanci. A wani kuma ina zaune da jaririya, hannu ya shigo daga gefe riƙe da kwanon kunu. Maigida ya kai ƙarshe, ya koma farko, ya sake kaiwa ƙarshe.

Washegari na ɗauki hoton tagar na kai shagon mai hoton, na ba shi labari, ko zai iya fito da fuskar. Ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, abin da haske bai kama ba, ba ni da inda zan samo shi. In na zana miki fuska, wata ce daban za ki aika wa marainiya."

Na ce ai ita ce ta ƙi a ɗauke ta.

"Suna ƙi mana, kullum. Ni in na shiga gidan suna, kicin nake fara nema, in tambayi wa ta yi wa mai jego wanka. Masu anko ba sa ɓata, su za su neme ni. Ita kuwa sai in jira ta sauke tukunya, in ce, Mama, wannan ba na waya ba ne, a takarda zan wanke in kawo miki hannu da hannu. Yawanci sai ta gyara ɗankwali." Ya miƙo mini hoton. "Allah ya jiƙanta."

Hoton hannun da kwanon kunu na aika wa 'yar, ina ba da haƙuri. Sai da aka kwana ta amsa, muryarta a dashe. Ta ce ta gane tabon ƙuna da ke bayan babban yatsan, man tuya ne ya fallatsar wa uwar tana goye da ita. Sannan ta ce, "Anti, to fuskar fa? Ta rame? Ta yi furfura?"

Na buɗe baki zan kwatanta mata, na tarar ni ma muryar ce ta fi zama mini, da hakinta a matakala.

Hoton yana bangon falo yanzu. Baƙi suna yaba jaririyar, su ce ta yi kama da babanta. Ni in na idar da salla na ɗaga kai, gefen nake kallo, inda kwanon ya shigo. Wani lokaci nakan ɗan karkata kai, kamar in na leƙa bayan katakon hoton zan same ta tsaye tana jira in shanye.