Baƙin Gefe a Kaset ɗin Inna Tabawa

Har yau ban manta da ranar da Inna Tabawa ta dawo mana da memori ƙulle a bakin mayafinta ba. Duk wanda ya zo koyon aiki a shagonmu na Gezawa sai na ba shi labarin, don na gaji da maimaita magana ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba: mutane suna kawo tsofaffin kaset na bidiyo mu juye su cikin kwamfuta. Juyen farko babban fayil ne, daga shi muke matse ƙarami wanda zai shiga memori. Wurin matsewar ake zaɓar siffar hoto da yawan layukansa. Hoton kaset kusan murabba'i ne, huɗu-da-uku ake ce masa. Allon waya da talabijin na yanzu kuwa mai faɗi ne. In ka bar hoton yadda yake, baƙi zai fito a gefe biyu. In kana so ya cika allo, ko ka ja shi kowa ya yi ƙiba, ko ka datse sama da ƙasa.

Mai shagon, Malam Habu, datsewa ya zaɓa, wai mutanenmu in suka ga baƙin gefe sai su ce an rage musu hoto. Ya kuma ce a ɗaga layuka zuwa dubu da tamanin, alhali hoton kaset layi ɗari biyar da saba'in da shida kawai gare shi. Na ce, "Malam, abin da babu a kaset ba zai fito ba, wuri kawai zai ci." Ya ce, "Rabi, ke da kika zo bara?" Na ci gaba da yi yadda ya ce. Da fayiloli suka cika kwamfuta sai ya ƙara doka: ana gama matsewa a goge juyen farko.

Inna Tabawa ta zo ran kasuwa, lokacin cirar gyaɗa, daga wani ƙauye bayan gari. Kaset ɗin na walimar saukar Alƙur'ani ne ta 'yarta, duk ya yi fumfuna. Wasu kaset suna jira, batirin sola yana ƙasa. Na juye, na matse yadda aka saba, na goge. Ban kalla ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Kwana uku ta dawo. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "'Yar nan, ina kan Malam?"

Na ce, "Wane malam, Inna?"

Mijinta take nufi, marigayi. Mutum ne da bai yarda da hoto ba duk rayuwarsa. Ranar walimar ce kaɗai mai ɗauka ya kama shi a tsaye yana rufe taro da addu'a, kuma dogo ne. Na kunna. Ga farar riga, ga hannuwa a ɗage, ga ƙarshen gemu. Daga nan sama babu.

Ta ce, "Jikokinsa na tara na kunna musu. Ƙaramar ta ce, Inna, kakanmu ba shi da fuska ne?"

Malam Habu ya ce, "Inna, ai haka mai ɗaukan ya ɗauka."

Na ce, "Ba haka ya ɗauka ba. Mu muka datse."

Ya harare ni. Ban damu ba.

Hanya ɗaya ta rage, a sake juye kaset ɗin, shi kuwa da ƙyar ya jure na farko. Na faɗa mata zai iya tsinkewa. Ta ce, "Sa shi, ai ajiyarsa ba ta amfane ni ba." Na share kan na'urar kunna kaset, na mayar da zaren da hannu a hankali, na bar hoto a huɗu-da-uku da layukansa na asali. Addu'ar tana can ƙarshe. Muka zauna muna kallon ɗalibai da kwanukan abinci, na'urar tana ƙara kamar za ta amayo shi.

Sai ga shi. Doguwar fuska, hula ta ɗan karkace, idanu a rufe. Inna ta ce, "Shi ne." Daƙiƙa goma sha ɗaya kwamfuta ta nuna, zaren ya naɗe ya tsinke, abin da ya biyo baya ya cukurkuɗe. A juyen farko addu'ar tana nan cikakkiya, kuma ni na goge ta da yatsana.

Na saka mata guntun a waya. Ta ɗora yatsa a gefe ta ce, "Wannan baƙin fa?"

"Babu komai a wurin, Inna. Iyakar hoton ke nan."

"To bar shi. Maimaito min."

Na yi ta maimaitawa har aka kira la'asar.

Malam Habu bai canza ra'ayi ba, har yanzu masu biki cika allo suke so, ni ma na gaji da gardama. Amma abu biyu ba na yi ko zai kore ni: ba na datse hoto, ba na goge juyen farko sai mai kaset ya zauna ya kalla. Mu allo muke dubawa. Mai kaset mutum ɗaya yake nema a ciki, kuma ba zai faɗa maka inda yake tsaye ba sai ka yanke shi.