Ranar Suna Na Raba Faɗan Fayiloli

Ana cikin rabon waina a sunan ɗiyar ƙanwata a Daura, sai ga waya daga ofis. Babbar kwamfutar bankin da nake wa aiki ta yi nauyi, mutane sun yi cirko-cirko a rassa.

Na ja kujera zuwa wani lungu a bayan gidan na buɗe laftof. Ashe wani ƙaton fayil ne ya mamaye ma'ajiyar wucin gadi da fayiloli da yawa suke tarayya a cikinta, ƙananan suka rasa wuri. Dole in ware masa tasa ma'ajiyar, in ƙara wa sauran fili.

Sai ga Gwaggo Hajara, yayar babana da ta zo daga Sandamu.

"Kai ɗan nan, ana suna kana latse-latse?"

"Gwaggo, wasu fayiloli ne suke rigima kan wuri, babban ya danne ƙanana."

Ta ce, "To, Allah ya ba ka sa'a."

Wallahi ba ta tafi ba. Tabarma ta shimfiɗa a bakin lungun, duk wanda ya nufo ni sai in ji ta ce, "Ku bar shi, faɗa yake rabawa."

Kafin la'asar komai ya daidaita. Na ɗago kai, na tarar ta rufe mini wainata da faifai.

Ku fa, yaya 'yan gidanku suke bayyana aikinku?