Kason Baba a Tukunyar Goggo

Washegarin Babbar Sallar shekarar 2000, da hantsi, na tarar da Inna tsugune gaban firji a gidanmu na Ƙauran Namoda. Ta sa gwiwa tana tura ƙofarsa, ƙofar na ƙin rufuwa, ga cinyar ragonmu a tasa kusa da ita ƙudaje sun fara kewayawa. Shekarata tara a lokacin. Baba, wanda malamin Arabiyya ne a firamare, yana Makka aikin Hajjinsa na farko, ya bar mana rago ƙanensa ya yanka. Firjin nan shi kaɗai ne a layinmu, Baba ya sayo shi a Gusau bayan an ba mu jiha, saboda haka tun da aka gama fiɗa yara ke ta sallama da kwanoni da ledoji: “Wai a sa mata wannan.” Inna kuwa ba ta iya cewa a’a ba. Kafin ta ankara naman unguwa ya cika firji maƙil, kowane ƙulli da tsummansa na shaida, namu ne ya rasa wuri.

Abin da ya sa ta hawaye shi ne alkawari. Ranar da Baba zai tafi ta ce masa in Allah ya dawo da shi zai ci layyarsa, ga dawowar alhazai sai kusan wata guda, ga zafin bazara wanda ko tuwon dare ba ya kai azahar. Fitar da naman maƙwabta kuma ba ta cikin lissafinta, amana ce aka ba ta.

Goggo Tumba ce ta raba gardama. Yayar Baba ce, ta zo daga Gurbin Ɓore don ta zauna da mu har ya dawo. Gajeriya ce mai faɗa, bakinta ja wur da goro, ko ruwan firji ba ta sha, wai yana kashe haƙori. Ta dubi Inna ta ce, “Tashi ki ba ni wuƙa. Kahin a yi akwatin ga, da mi munka kai nama damina?” Wunin ranar ban ga zamanta ba. Ta yanka cinyar gutsi-gutsi, ta tafasa da gishiri har ruwan ya ƙone, ta soya har naman ya bushe ƙayau. Ta narka kitsen ragon daban, ta tace da tsumma mai tsabta. Sabuwar tukunyar ƙasa ta kifa a kan garwashi don kada ɗigon ruwa ya saura, sannan ta jera naman ciki ta kwarara kitse har ya shanye kansa. Ni aikina hura wuta da korar shirwa daga sauran naman da ta shanya a igiya, ƙawayena na can waje suna carafke ina jin dariyarsu. Da kitsen ya daskare fari fat, ta ɗaure bakin tukunyar da tsumma, ta rataye a ragaya cikin ɗakin hatsi inda kyanwa da kiyashi ba su kaiwa. Ta ce, “Wanga na Malam ne. Ruwa da hannu su ka ɓata shi.”

Ni ce hannun, ni ce kuma ruwan. Kwaɗayi gare ni tun ina ƙarama, ba zan ɓoye ba. Da namanmu ya ƙare, maƙwabta suka kwashe nasu, ƙamshin ɗakin hatsi ya hana ni sakat. Wata la’asar na gama wanke-wanke, hannuna sharkaf, na taka turmi na kwance tsumman na tsoma yatsu cikin kitsen na zaro guda biyu. Wallahi ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba. Gobe na koma, jibi ma haka, kullum ina shafe ramin da babban yatsa ina ganin na yi wayo.

Bayan kamar mako guda Goggo ta shiga ɗebo gero, ta tsaya tana shinshina. Ta sauke tukunyar, sai ga funfuna ta yi gashi a bakin ramin, shatin yatsuna uku raɗau a jikin kitsen. A shekarar ne aka fara aiki da Shari’a, kuma a filin makarantarmu ba a hirar komai sai ta yanke hannun ɓarawo, har wanda ya ɗauki fensir sai a ce masa ya yi bankwana da hannun damansa. Na cusa hannuna cikin hijabi na fashe da kuka ina roƙonta kada ta kai ni wurin alƙali. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Sannan ta ɗaure fuska ta ce, “Alƙali ba ya da lokacinki. Ubanki na ƙasa mai tsarki yana maku addu’a, ke kina nan kina ci mai rabo da jiƙaƙƙen hannu.” Da ta zane ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ta gaya wa Inna ba. Ta jira Inna ta tafi barkar haihuwa, ta sa ni na hura wuta, ta kwashe duk saman ta zubar, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa tana wurgar da wanda ba ta yarda da shi ba. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Ta sake soyawa, ta nemo kitse wurin mahauta, ta sake rufewa a wata tukunyar. Daga ranar ni ta ɗora wa tsaron ɗakin hatsi, kuma ko ƙofarsa ban ƙara taɓawa da ɗanyen hannu ba.

Baba ya dawo ya rame, muryarsa ta dushe da tarin alhazai. Kwana biyu gidan cike da masu sannu da zuwa, ana rabon zamzam da dabino. Rana ta uku da safe Goggo ta ɗumama naman ta kai masa a ƙaramin kwano, Inna na tsaye bakin ƙofa fuskarta kamar ita ta dawo daga Makka. Ya yi bismilla ya ci, ya lumshe ido, ya ce kamar jiya aka yanka. Sai ya leƙa kwanon ya yi murmushi: “Yaya, ashe ragon nawa ƙarami ne.” Goggo ko inda nake ba ta duba ba, ta ce, “Ƙarami ne, Malam.” Ya zaɓi tsoka mafi girma ya miƙo mini, wai ladan tsaron gida. Na karɓa da hannu biyu na ci.

Yanzu a gidana firji biyu ne, ɗaya ma na hasken rana. Naman layya sai ya yi wata uku a daskare, yarana su ci ba su tambayi ko na wace Sallah ba ne, kuma ban tuna rabon da maƙwabciya ta aiko a ajiye mata ba. Goggo ta rasu da maganar a cikinta. Ni ma na yi ta cewa zan gaya wa Baba in na girma, na girma ban faɗa ba, har aka kai shi makwancinsa yana zaton ragonsa na waccan shekara ƙarami ne. Allah ya jiƙansu, Goggo ta rufa mini asirin da ban cancanta ba.